Kafin A Ta Da Matatar Kaduna, A Fara Gyara Ma'auni

Duk wanda ke zaune a Kamazo, ko Mahuta, ko Sabon Tasha, ya san matatar man Kaduna da ke kan hanyar Kaciya maƙwabciyarsa ce. Wani kamfanin Japan mai suna Chiyoda ne ya gina ta, aka buɗe ta cikin 1980, daga baya aka faɗaɗa ta har ta kai ƙarfin tace ganga 110,000 a yini. A wancan lokaci yawancin filin da ke kewaye da ita gonaki ne da daji, yau kuwa gari ya tarar da ita. Ta yi shekaru ba ta tace mai, sa'an nan cikin watan Fabrairu 2023 Kamfanin Mai na Ƙasa, watau NNPC, ya sa hannu da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu a kan gyaranta, bisa kuɗi wajen dala miliyan 740. Tun daga nan tambayar da ke bakin mutane ita ce, yaushe za ta tashi? Mu ma muna son ta tashi, gama akwai abinci a ciki ga dubban gidaje. Amma akwai wata tambaya da ta fi wannan damunmu. Ranar da aka hura wuta a tanderunta, in wani abu ya ɓaci a ciki, ta yaya masu aiki za su sani, kuma cikin minti nawa za su gane inda ɓacin ya ke?

Ra'ayinmu a kan wannan a fili ya ke. Kuɗin da za a kashe a kan ma'aunai, da ƙararrawa, da littafin aiki, da horon mutanen da za su karanta su, shi ya kamata a fara warewa kafin na fenti da na bikin buɗewa. Za mu kawo dalilanmu, kuma muna roƙon masu karatu, musamman akawuna da malaman makaranta, su yi haƙuri su bi mu, don maganar ta shafe su fiye da yadda su ke zato.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Gidaje da yawa a Kamazo da rijiyar burtsatse su ke shan ruwa. Akwai injin da ke cikin rijiya, wanda a ke kira sumo, akwai tanki a bisa, a waɗansu gidaje kuma akwai wani ɗan abu mai iyo a kan ruwan tankin, wanda ke kashe sumo in tanki ya cika, ya kunna shi in ruwa ya yi ƙasa. To, in mutum ya lura zai ga wannan ɗan tsari ɗabi'a biyu gare shi. Ruwa yana hawa ko yana sauka sannu a hankali, ba ya tsallake ko taƙi ɗaya. Wannan ita ce ɗabi'ar gudana. Sumo kuwa ba shi da tsaka-tsaki, ko yana kunne ko yana kashe, kuma farat ɗaya ya ke sauyawa daga wannan zuwa wancan. Wannan ita ce ɗabi'ar sauyi. Kowace tana juya 'yar'uwarta, gama hawan ruwa shi ke kashe sumo, kashe sumo kuma shi ke canja tafiyar ruwa. Irin wannan tsari shi masana aikin injiniya ke nazari a kansa da sunan tsari mai ɗabi'a biyu. Mota mai giya haka ta ke. Gidan da ke sauyawa tsakanin wutar Nepa da janareta da batirin sola haka ya ke. Layukan wutar lantarki na ƙasa baki ɗaya haka su ke. Matatar mai kuwa ita ce uwarsu, domin a cikinta akwai zafi da matsi da ruwan mai suna gudana, ga kuma dubban bawul da makunnai suna buɗewa suna rufewa.

Aiki na farko ga mai tsaron irin wannan inji shi ne ya gano cewa akwai lahani. Hanyar yin haka kuwa babu akawun da bai san ta ba. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, in mai binciken kuɗi ya sauka a Baitulmali, littafi ya ke fara buɗewa. Ya duba abin da ya shiga, ya debe abin da ya fita, ya san nawa ya kamata a tarar a akwati, sa'an nan ya sa a ƙirga. In lissafin littafi da abin da ke akwati sun yi daidai, lafiya. In akwai giɓi, ko na sule ɗaya ne, to akwai magana. Haka injiniya ke yi. Ya san yawan ruwan da sumo ke turawa a minti ɗaya, ya san abin da famfo ke zubarwa, saboda haka ya san inda ruwa ya kamata ya kai bayan rabin sa'a. Sai ya gwada wannan da abin da ma'auni ke nunawa. Giɓin da ke tsakaninsu shi ne alamar lahani. Tun wajen 1971 masana a Amurka suka fara tsara wannan dabara da lissafi don na'ura ta riƙa yin ta da kanta, amma asalinta bai wuce aikin ma'aji ba.

To, ga inda wuyar ta ke. A inji mai ɗabi'a biyu, abin da ya kamata a gani yana canjawa gwargwadon matsayin da injin ke ciki. Malamin asibiti in ya taɓa hannun mutum ya ji zuciyarsa na bugawa da sauri, sai ya fara tambaya, gudu ka yi ko kuwa a kwance ka ke? Bugun da ya ke lafiya ne ga wanda ya yi gudu, ciwo ne ga wanda ya kwana a kan gado. Haka ruwan tanki. In ruwa na sauka alhali sumo na kashe kuma mata na wanki, babu laifi. In yana sauka alhali sumo na kunne kuma duk famfuna a rufe su ke, to ko bututu ya fashe ko rijiya ta ƙafe. Lamba ɗaya ce a kan ma'auni, ma'anarta ce ta bambanta. Saboda haka duk wanda bai san matsayin inji ba, ba shi da ikon yanke hukunci a kan abin da ma'auni ya nuna masa.

Sa'an nan ko an ga giɓi, waɗanda a ke tuhuma uku ne. Mai yiwuwa ne jikin injin ne ya ɓaci, watau bututu ko tanki. Mai yiwuwa ne makunni ne ya maƙale, aka ba shi umurni ya rufe bai rufe ba, injin yana wani matsayi dabam da wanda a ke zato. Mai yiwuwa ne kuma shi ma'aunin ne ke ƙarya, komi lafiya lau ya ke. Rarrabe waɗannan uku shi ne aiki na biyu, watau tantance lahani, kuma ya fi na farko wuya ƙwarai. Ba ya yiwuwa da shaida ɗaya. Sai an sami ma'auni na biyu wanda ba ya dogara da na farko, kamar yadda alƙali ba ya yanke shari'a a kan bakin mai ƙara kaɗai.

Akwai kuma lahanin da ke ɓuya a wani matsayi, ba ya bayyana sai an sauya. Batirin ta da janaretan asibiti zai iya mutuwa tun wata guda, muddin akwai wutar Nepa babu wanda zai sani. Sai daren da wuta ta ɗauke, likita na tsakiyar aiki, sa'an nan a ke ganewa. Irin wannan lahani ba a kama shi da zaman kallo. Dole ne a riƙa sauya injin da gangan, a ranar da babu gaggawa, a ga ko zai amsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wani ya ce wannan duk surutun malaman jami'a ne, gama mu mutanen Arewa mun ɗanɗana shi a jikinmu. Ran 21 ga Oktoba 2024 babban layin wuta da ya taso daga Ugwuaji a Jihar Enugu zuwa Apir a Jihar Binuwai ya katse. Na'urorin tsaro na layin sun gane akwai lahani nan take, suka yanke wuta, kamar yadda aka gina su su yi. Amma gano wurin da lahanin ya ke sai da ya ɗauki kwanaki, ma'aikata na bin layi cikin daji, kafin a tarar da wayar da ta tsinke a wajen Igumale. Yawancin Arewa ta zauna cikin duhu har wajen ƙarshen watan. Masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun san abin da suka yi hasara. A lura kuma da wani abu. Da ma maɓarnata sun riga sun lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Mando a nan Kaduna, saboda haka nauyin Arewa ya koma kan wancan layi. Da layin Shiroro na aiki, da tsinkewar waya guda ba ta kai mu ga haka ba. Watau girman lahani ma ya danganta ga matsayin da tsarin ke ciki sa'ad da lahanin ya auku.

Wannan hasarar dukiya ce. Yanzu ga wadda ta ci rayuka, kuma a matatar mai ta faru, shi ya sa mu ke so maƙwabtan matatarmu su san labarinta. Ran 23 ga Maris 2005, a matatar kamfanin BP da ke Texas City a Amurka, ma'aikata suna ta da wani sashe bayan an tsai da shi don gyara. A sashen akwai wata hasumiya mai tsawon ƙafa 170, wadda a ƙa'ida ruwan mai ba ya wuce 'yan ƙafafu a gindinta. Aka yi sama da sa'a uku ana tura mai ciki, bawul ɗin da zai fitar da shi kuwa a rufe. Ma'aunin hasumiyar an gina shi ne don ya auna gindinta kawai, kuma ba a daidaita shi yadda ya kamata ba. Da mai ya shanye shi ya wuce, ya kuma yi zafi ya rage nauyi, sai ma'aunin ya shiga nuna cewa mai na sauka. Sa'ad da man ya kai ƙafa 158, allon mai aiki na nuna masa kusan ƙafa 8. Akwai wata ƙararrawa ta biyu da aka sa don irin wannan rana, ba ta yi ƙara ba, don ta lalace. Gilashin da a ke leƙawa a ga mai da ido ya yi dauɗa, ba a ganin komi. Mai ya yi ambaliya ya fita sarari, ya sami wuta, ya fashe. Mutum 15 suka mutu, 180 suka ji rauni.

Hukumar Amurka mai binciken irin waɗannan haɗura ta fitar da rahotonta cikin 2007, kuma abubuwan da ta samu sun isa darasi. Allon mai aiki bai nuna abin da ke shiga hasumiya da abin da ke fita a wuri ɗaya ba. Da ya nuna, da ko ɗan aji huɗu ya ga ana zubawa ba a ɗiba, ya san ma'auni ƙarya ya ke yi. Littafin miƙa aiki tsakanin masu aikin dare da na safe ba a rubuta abin kirki a cikinsa ba, saboda haka wanda ya karɓi aiki bai san ainihin matsayin da ya tarar da injin ba. Waɗansu ma'aikatan sun yi kwana 29 ko fiye a jere suna aikin sa'a 12. Waɗanda suka mutu kuwa suna cikin ɗakunan wucin gadi ne ko kusa da su, waɗanda aka kafa dab da wurin, ba su ma da hannu a aikin tayarwar. Wannan duk a ƙasar da ta fi mu kuɗi da injiniyoyi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin lura a nan shi ne, haɗarin ya auku ne lokacin tayarwa. Sa'ad da inji ke tafiyarsa ta kullum, kowa ya san lambobin da ya saba gani, ko ɗan canji ya kan ja hankali. Sa'ad da a ke tayarwa ko a ke kashewa kuwa, injin na ratsa matsayi bayan matsayi, kowane ma'auni na motsi, kowace lamba baƙuwa ce, lahani sai ya saje da canjin da a ke tsammani. Matatar da ta yi shekaru a tsaye, ranar da za a ta da ita tana cikin ranaku mafi haɗari a rayuwarta. Bawul da ya daɗe bai motsa ba ya kan cije, ma'aunin da ya daɗe ba a gwada shi ba ya kan kauce, kuma da yawa daga tsofaffin ma'aikatan da suka san halinta sun yi ritaya.

Maganar makunnin da ya maƙale ma tana da nata labari. Ran 28 ga Maris 1979, a tashar lantarki ta nukiliya da ke Three Mile Island a Amurka, wani bawul ya buɗe don rage matsi, ya ƙi rufewa. Fitilar da ke gaban masu aiki ta nuna musu kamar ya rufe, alhali abin da fitilar ke shaidawa shi ne an aika masa da umurnin rufewa. Sama da sa'a biyu ruwan sanyaya tukunyar na zurarewa, su kuwa suna zaton ruwa ya yi yawa, har suka rage wanda na'ura ke turawa don ceto. Wani sashe na cikin tukunyar ya narke. Kowane akawu ya san bambancin da ke tsakanin an aika da takarda da takarda ta isa an yi aiki da ita. Fitilar nan littafin aikawa ta ke karantawa, babu mai duba ko saƙo ya isa.

Wani zai ce, to a yawaita ƙararrawa mana, komi ya motsa ta yi ƙara. Wannan ma an gwada an ga ƙarshensa. Cikin watan Yuli 1994, a matatar Milford Haven da ke Birtaniya, a minti 11 na ƙarshe kafin fashewa, ƙararrawa 275 suka yi ƙara a gaban ma'aikata biyu. Wa zai iya tsince ta gaskiya a cikin wannan hayaniya? Duk lokacin da inji ya sauya matsayi, lambobi su kan yi tsalle na ɗan lokaci su dawo, kamar yadda fitilun gida ke dushewa sa'ad da sumo ya tashi. In ƙararrawa na kuka a kan kowane tsalle irin wannan, ma'aikaci zai saba da ita, ran da ta faɗi gaskiya ba zai waiwaya ba. In kuma aka sa ta jira da yawa, sai ta yi magana bayan aikin gama ya gama. Gwanintar ita ce a yanka wa kowane matsayi nasa iyaka, a san tsawon jiran da ya dace da shi, ƙararrawar da ta shafi rai kuma a bambanta muryarta da sauran.

Wani kuma zai ce, ai yanzu zamanin kwamfuta ne, ita za ta yi wannan duka. Gaskiya ne an ci gaba. Tun cikin 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada wani tsari a kumbonta mai suna Deep Space 1, wanda ke bin matsayin sassan kumbon yana tantance lahaninsu da kansa. Yau akwai manhajojin da ke riƙe da lissafin kowane matsayi na inji, suna gwada su duka da abin da ma'aunai ke faɗi, su zaɓi wanda ya fi dacewa, su nuna sashen da su ke tuhuma. Muna goyon bayan a sayo irinsu. Sai dai kwamfuta da bakin ma'auni ta ke ji. In an ba ta ma'aunin Texas City, ƙaryar da ya yi wa mutum ita zai yi mata. Kuma ba ta sanin halin wani inji na musamman sai an ba ta tarihinsa, tarihin nan kuwa daga littafin da mutane suka rubuta da gaskiya ya ke fitowa. Mai sayen kwamfuta ya bar ma'auni a lalace, kamar wanda ya ɗauko babban odita ne ya miƙa masa littafin da aka yage rabinsa.

Akwai kuma masu cewa ƙasa na bukatar mai yanzu, gwaje-gwajen nan jinkiri ne da ƙarin kuɗi. Ba mu musa cewa suna cin lokaci ba. Amma a gwada 'yan makonnin gwaji da shekarun da matatar ta riga ta yi a tsaye, a gwada kuɗin ma'aunai da dala miliyan 740, sa'an nan a gwada duka biyu da ran mutum ɗaya na Rido ko Kapam.

Dole ne kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu. Fis ya ƙone, maimakon a nemi abin da ya ƙone shi sai a ɗaure shi da waya mai kauri. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai a ce da makaniki ya cire ƙwan. Abin da ke kashe sumo ya lalace, sai a haɗa wayar kai tsaye, a ce yaro zai riƙa dubawa. Fis ɗin nan da fitilar nan bakin inji ne, da su ya ke faɗa mana ciwonsa, mu kuwa sai mu toshe bakin mu ce ya warke. Mafi muni, a wuraren aiki da yawa wanda ya kawo rahoton ɓaci shi a ke yi wa kallon mai laifi, har ƙananan ma'aikata suka koyi cewa shiru ya fi amfani. Wannan ɗabi'a in ta tsaya a gida, tanki za ta ɓata ko ta ƙone sumo. In ta bi mutum zuwa ɗakin sarrafa matata, unguwa za ta ci.

Saboda haka ga abin da mu ke kira a yi. Na farko, muna kira ga NNPC da duk wanda zai riƙe matatar, kada a hura wuta a kowane sashe sai an gwada kowane ma'auni da kowace ƙararrawa da kowane bawul na tsaro, an rubuta ranar gwaji da sunan wanda ya gwada. Allon mai aiki ya nuna shiga da fita a wuri ɗaya, fitila kuma ta nuna inda bawul ya ke a zahiri. Ranar tayarwa a sa ƙwararru waɗanda suka sami barci, a janye duk wanda ba shi da aiki a wurin. A kuma rubuta a ƙa'ida cewa ma'aikacin da ya tsai da inji don ya ga abin da bai gane ba, ba za a hukunta shi ba, ko da daga baya an tarar babu komi.

Na biyu, muna kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Cikun su nemi a sanar da masu unguwanni ranakun tayarwa tun da wuri, a koya wa jama'a muryar jiniyar haɗari, da hanyar da za su bi in sun ji ta. Maƙwabci yana da hakkin sanin ranar da za a hura wuta a bayan katangarsa.

Na uku, ku akawuna da masu riƙon ofisoshi da asibitoci da makarantu, kowane janareta da kowane injin ruwa da ke hannunku ku buɗe masa littafi. A kowane layi a rubuta abu uku: lokaci, da matsayin da injin ke ciki, da abin da ma'auni ya nuna. Lamba ba tare da lokaci da matsayi ba, ba ta da amfani ga mai gyara. A ware rana ɗaya a mako a ta da janareta ko da akwai wuta. In an ɗaure wani fis ko an tsallake wani makunni don larura, a rubuta da jan biro, kada a rufe shafin sai an mayar da shi yadda ya ke. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi, littafi ne na 'yan nairori da mutum mai amana.

Na huɗu, ku malaman makaranta, lissafin tanki da famfo da ku ke koya wa yara, ku ƙara masa tambaya ɗaya. Bayan yaro ya lissafa inda ruwa zai kai, ku ce masa an duba an tarar bai kai nan ba, me da me za su iya jawo haka, kuma wane gwaji zai raba su? Yaron da ya saba da wannan tambaya ya kama hanyar zama injiniya, ko likita, ko alƙali. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda tushenta ya faro tun 1956, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1962, suna kusa da matatar nan. Ya kamata a buɗe wa ɗalibansu ƙofa su koyi aikin ma'aunai a kan injin gaske, don ranar da 'yan kwangila suka koma ƙasarsu a sami 'yan gida da za su karɓa.

Muna fata mu ga hayaƙi ya sake tashi a matatar Kaduna, tankoki na lodi, matasan Kamazo na samun aiki. Muna so dai a tashe ta da ido buɗe, mai aiki ya san matsayin da injinsa ke ciki, ma'auninsa na faɗa masa gaskiya, kuma yana da ikon tsayawa in ya yi shakka. Allah ya kiyashe mu da haɗari, ya ba shugabanninmu ikon jin shawara, amin.